Bin Ruwa da Kyamara a Gulbin Rima: Kundin Aiki

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa. A ajin da nake koyar da labarin ƙasa na ce wa yara kowa ya kawo hoton wuri mai kyau, ruwa ko dutse ko daji. Cikin yara sama da 40 babu ko ɗaya da ya kawo hoton ƙasar Sakkwato. Dusar ƙanƙarar Turai, bakin tekun Dubai, dogayen duwatsun Sin, duk an sauko da su daga intanet. Wata yarinya 'yar Dundaye, wadda kullum sai ta tsallaka gulbi kafin ta iso makaranta, ta ce mani, "Malam, ai mu nan ba mu da wurin hoto, rana ce kawai da ƙura." Maganar nan ta tsaya mani a rai, da ita na kwana.

Shirin shi ne in tattara wurare 30 da mutum zai iya zuwa daga cikin gari ya dawo a yini guda, in ɗauke su, in rubuta yadda ake isa. Kayan aikina tsohuwar kyamarar Nikon ce da lensi biyu, ɗaya na faɗi, ɗaya mai jawo nesa na milimita 300, sai sanda mai ƙafa uku da littafin rubutu. Ɗan yayata da ke kabu-kabu ya yarda ya riƙa ɗaukata ranakun Asabar da Lahadi, in zuba mai, in saya masa ƙosai da kunu.

Mun fara da na kusa, gadar Kwalkwalawa a hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, rana ta fito wajen ƙarfe 6:30 ta same mu a can. Damina ta yi ruwa bana, fadama cike take har gindin itatuwa. Bado ya buɗe farare tas, balbelu sun yi layi a kan wata kunya da ruwa bai gama cinyewa ba, wani yaro yana tura jirgi da gora cikin shinkafar da kanta kawai ke waje. A nan ne ambaliyar Satumban 2010 ta yanke hanyar jami'a, malamai da ɗalibai suka koma shiga jirgin ruwa. Ina tsaye ina tuna wancan ruwa mai fushi, ga shi yau kwance kamar madubi.

Hotunan balbela na farko duk sun ƙone, farin ya zama fili babu gashin tsuntsu ko ɗaya a ciki. Sai da na rage hasken da kyamara ke sha sannan fiffike ya fito dalla-dalla. Wuri na ɗaya ya shiga littafi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Tafkin Kware, kimanin kilomita 20 arewa da gari a hanyar Illela. Na yi kusan awa ɗaya ina zagaya baki ina korar tsuntsaye da tafiyata, duk inda na doshi sai su tashi su ba ni baya. Wani dattijo masunci yana zaune a gindin bagaruwa yana ɗinkin koma, yana kallona bai ce komai ba. Da na gaji na je na durƙusa na gaishe shi, muka tambayi iyali da ruwa.

"Mi kaka biɗa ga ruwa tun da swahe, ɗiyana?"

Na ce, "Tsuntsaye nake son ɗauka hoto, Baba, amma sun ƙi tsayawa."

"Awo. Ai kai ka tahiya, shi ya sa su ma suka tahiya. Zamna."

Na zauna. Ya nuna mani da haɓa inda iska ke fitowa, ya ce tsuntsu ba ya tashi sai ya fuskanci iska, ko agwagwa ce ko zalɓe. Wanda ke son ganin fuskarsa sai ya ba iska baya. Yanzu da iskar hunturu ta fara juyowa daga arewa maso gabas, in na zauna a gefen gabas na tafkin da safe, iska na bayana, rana ma na bayana, tsuntsun da ya tashi ni zai doso kuma haske na kan ƙirjinsa. Shekara nawa ina riƙe da kyamara, ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu ba sai yau a bakin mutumin da bai taɓa riƙe ta ba.

Ya sa ni a jirginsa, ya ce kada in miƙe tsaye, kada in nuna komai da hannu. Muka kutsa cikin kacala muka tsaya. Bayan kamar minti 20 ruwa ya manta da mu. Wani tsuntsu mai ruwan ƙasa da dogayen yatsu ya fito yana taka ganyen bado ɗaya bayan ɗaya, ganyen na ɗan nutsewa yana tasowa. Wani ɗan tsuntsu mai fari da baƙi ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya faɗo kamar an jefo dutse, ya fito da ɗan kifi a baki. Wannan sai da na sa saurin ɗauka ya wuce ɗaya bisa dubu na daƙiƙa kafin ya tsaya a hoto. Can kuma kirinjijiya suka taso garke guda da farar fuskarsu, suna wannan fito nasu mai gaɓa uku. Baba ya ce da dare suke kiwo, da rana hutawa suke, don haka mai son su a sama ya zo da assalatu ko gab da magariba.

A hanyar komowa na tambaye shi abin da ke cina tun kafin in fara aikin nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin gauraka a fadamar garinsu, yadda suke rawa biyu-biyu da tukkun nan nasu mai ruwan zinariya, da kukansu da ake ji tun daga cikin gida. Ni ban taɓa ganinsa a daji ba, sai a gidan wani attajiri an yanke masa fiffike. Baba ya daɗe yana tura jirgi kafin ya amsa. "Rabona da gauraka ga tabkin ga tun ina da ƙarhin jan taru. Sun tahi."

Tsuntsun da ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya ke nan. Kama shi da ake yi don ado a gidaje da kuma cinye fadamun da yake ƙwai sun kusan ƙarar da shi a ƙasar, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ma ta sa shi cikin masu fuskantar barazana. Na ware masa shafi guda a littafi, na rubuta sunansa a sama.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na koma Kwalkwalawa don in gyara hoton bado, na tarar babu bado babu ruwan. Cikin sati biyar gulbi ya koma cikin kwarinsa. Inda yaron nan ya tura jirgi yanzu fangali ne a jere, ana dashen albasa, injinan ban ruwa na ta ƙara. Da wani ya ɗauki littafina ya zo yau yana neman abin da na rubuta ranar 12 ga Oktoba, da ya ce ƙarya na yi.

Saboda haka na sake tsarin kundin tun daga tushe. Sunan wuri kaɗai ba ya isa a ƙasar nan. Kowane shafi yanzu yana da wata, da sa'a, da gefen da rana take, da inda ruwa ya tsaya. Kwalkwalawa ta Oktoba shafinta daban, ta Nuwamba daban.

Akwai layi na biyar da na ƙara, kuma kuskurena ne ya jawo shi. Ina ja da baya ido na cikin kyamara don in haɗa fangali da gada a hoto ɗaya, sai na ji an ce, "Malam, ƙahwarka!" Na duba, na tattake dashen albasa kusan taku huɗu. Kunya ta kama ni ƙwarai. Mai gonar bai ɗaga murya ba, ya sunkuya yana tayar da su ɗaya-ɗaya da yatsa. Na ajiye kyamara na sunkuya tare da shi. Na miƙa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in dai zan dawo in riƙa bin kunya, in kuma yi sallama kafin in shiga. Layi na biyar shi ne wanda za a gaisar: mai gona, ko Sarkin Ruwa, ko mai unguwa. Na kuma rubuta da manyan baƙi cewa ba a ɗaukar mata a bakin ruwa sai da yardarsu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ba mu fita ba. Na zauna da taswira na cire wurare uku da raina ke so, saboda labarin tsaro da ke fitowa daga yankin Tangaza da Gudu. Tafkin Kwato, inda aka gwabza tsakanin jama'ar Shehu da rundunar Gobir a 1804, da Gudu kanta inda Shehu ya yi hijira a wannan shekarar, sai kufan Surame a ƙasar Binji, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16 da ganuwar dutse, wanda tun 2007 yake jiran shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO. Na taɓa zuwa Surame ina ɗalibi, har yau ina ganin kukokin nan tsaye a cikin zuban duwatsu. Ba zan kai ɗan mutane inda uwarsa za ta kwana ba barci ba, kuma ba zan rubuta wa yara hanyar da ni kaina ba zan bi ba. Na bar shafukan a buɗe. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Asabar, 21 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai. Na so in fasa fita, ɗan yayata ya ce, "Kawu, mu dai tai mu gani." Muka bi ta Wamakko muka sauka gefen fadama, sanyi na yanka kunne.

Rana ta fito kusan ƙarfe 7, fara fat kamar faifai, ana iya kallonta ido da ido. Duk launi ya gudu. Amma abin da hazo ya ɗauke a launi ya mayar a tsari: itacen kusa baƙi ƙirin, na bayansa toka-toka, na can baya kamar an zana da hayaƙi, a jere a jere har ido ya ƙare. Wasu raƙuma uku ɗauke da kara suka ratso tsakanin giginyu biyu, mai jansu ya naɗe fuska da rawani. Sau ɗaya na danna, kuma ina jin shi ne hoto mafi kyau da na samu tun da na fara. Ƙurar da yarinyar nan ta ce ita ta hana mu wurin hoto, ita ce ta yi shi.

Giginya ta ba ni aiki. A gindinta ba ka samun komai sai kututture da sama. Ana cewa inuwar giginya na nesa ka sha sanyi, to hotonta ma haka yake. Sai da na ja baya kusan taku 200 na jawo ta da dogon lensi sannan ta fito da kumburin nan na tsakiyar jikinta da ganyenta kamar mafici. Itaciyar da sunanta ke kan filin wasa da bariki a garin nan, da kuma fagen da aka yi karo da Turawa a Maris na 1903, ta cancanci a tsaya mata da kyau.

Na yi asara ɗaya. Na canza lensi a fili iska na kaɗawa, ƙura ta shiga cikin kyamara, duk hotunan bayan ƙarfe 9 da ɗigo-ɗigo a sama. Daga yau ba na buɗe ta a waje sai cikin jaka, kuma in muna kan babur a naɗe take cikin tsohon zane.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Wurno, ta hanyar Acida. Garin a kan tudu yake, kuma duk wanda ya tsaya a bakin tudun ya kalli kwarin Rima zai gane abin da ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓi wurin ya yi ribaɗi. Babu mai motsi a ƙasa ba a gan shi ba. A nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Mun shiga mun yi ziyara da addu'a, kyamara na cikin jaka ban fito da ita ba.

Daga saman tudun fadama shimfiɗe take kamar tabarma mai launi: koren tafarnuwa mai duhu, koren albasa mai ɗan shuɗi, filayen shinkafar rani da aka cika da ruwa suna walƙiya. Bayansu kuma tudu ja, busasshe ƙayau. Layin da ya raba kore da ja a miƙe yake kamar an ja da wuƙa, iyakar inda ruwa ke kaiwa ke nan. Wannan hoton zan fara nuna wa yara in za mu yi darasin noman rani.

Gawo na ga ya fi kowa kyau a watan nan. Sauran itatuwa sun kaɗe, shi kuwa yanzu ya yi ganye shar, tunda da damina yake zubar da nasa. Shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. A gindin wani babba muka tarar da tumaki uda, rabin jiki fari rabi baƙi kamar an tsoma su a baba, da jajayen akuyoyinmu suna tsintar 'ya'yan. Wajen ƙarfe 5 na marece wani saurayi Bafillace ya gangaro da shanu zuwa mashaya, bokoloji farare masu guntun ƙaho a gaba. Na gaishe shi na nemi izini, ya ce in ɗauki shanun amma in bar shi. Na tsaya ta yadda rana ke bayansu, ƙurar da kofato ke tayarwa ta kama wuta, kowane tozo da zaren haske a gefensa. Mun so mu ƙara jira, amma doka ce a aikin nan magariba a gida take samunmu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Goronyo. Wannan tafiyar a mota muka yi ta, da wani abokin karatuna ɗan garin, bayan ya kwana biyu yana tambayar lafiyar hanya. Mun shiga da hantsi, mun fito kafin la'asar, don haka hasken da na samu mai tsauri ne. Na karɓe shi haka nan.

Madatsar an gama ta a 1984, aka buɗe ta a 1992. Tsawonta ya haura kilomita 12, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ruwan famfon da muke sha a cikin gari da noman ranin Wurno da Kwalkwalawa duk da ita suka dogara. Shi ya sa a 2018, da ruwanta ya ja har aka ce kusan kashi 10 cikin 100 ya rage, hankalin kowa ya tashi. Mun nemi izini wurin ma'aikata kafin in fito da kyamara, suka nuna mana inda za mu tsaya da inda ba a ɗauka.

Mutumin da ya saba da gulbi, in ya ga ruwan da babu gaɓar can sai ya yi shiru. Ɗan yayata cewa ya yi, "Kawu, wanga ai teku ne." A bakin laka akwai ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafa suna caccakar ƙasa, baƙin da ke tsallako Sahara daga Turai su yi hunturu a wurinmu su koma wajen Maris. Masunta suna sauke tarwaɗa da karfasa da kurungu daga jirage, shirwa na shawagi a kansu tana jiran hanji. Na kwanta rub da ciki a laka don kyamara ta zo daidai idon tsuntsu, haka ne kawai bayansa ke narkewa ya fito shi kaɗai.

Abin da ya fi tsaya mani a tafiyar kuwa a hanya yake, wajen Taloka. Akwai tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, samansu jan marmara, jikinsu kuma inda ruwa ya zaga sai ka ga ƙasa hawa-hawa, fara, rawaya, toka-toka, kamar an jera tabarmi. Na sa aka tsaya. Na hau har tsakiya na dafa hannuna a kan farin hawan, yana da laushi kamar alli.

Maganar ɗan yayata ta teku gaskiya ce fiye da yadda ya nufa. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce teku ta ratso Sahara ta rufe duk yankin nan, waɗannan hawa-hawan lakar gindinta ce. A duwatsun wannan yanki, irin waɗanda masana suka raɗa wa sunan Dukamaje, aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da kada da ƙafafu kamar filafili. Masana daga Italiya suka sa mata suna Goronyosaurus a 1972, wato ƙadangaren Goronyo. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana siminti ita ma ruwan teku ne ya bar ta. Ina karantar da wannan a allo shekara da shekaru, yau ga shi a tafin hannuna. Ikon Allah. Yaro ɗan Goronyo ya kamata ya san sunan garinsu na cikin littattafan kimiyya na duniya, ya kuma ga hoton tsaunin.

Hasken tsakar rana ya wanke launukan. Tsaunin na son marece, lokacin da ja zai yi ja. Na rubuta haka a shafinsa, na sa alamar za a sake.

Asabar, 22 ga Maris

Azumi, ga zafi ya kankama. Aikin ɗaki nake yi bayan tarawihi, tacewa da jerawa a kwamfuta. Wurare 14 sun cika sharuɗɗa biyar.

Ina cikin jerawa na lura babu ungulu ko ɗaya a duk abin da na ɗauka cikin wata biyar. Muna yara ba a ƙirga su a mahauta da bayan kasuwa. Tun 2015 aka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, guba da masu sayen sassanta sun gama da ita. Dabbobin da na samu kuwa kurege ne, da guza a Kware tana shan hantsi, da zomo ɗaya da ya tsere, da sawun dila a yashi. Barewar da kakanninmu ke labari babu. Na buɗe wa ungulu shafi kusa da na gauraka.

Asabar, 26 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40. Bayan ƙarfe 9 dogon lensi ba ya da amfani, ƙasa na tururi, komai na nesa rawa yake cikin kawalwalniya. Awa biyu kacal ake da su da safe.

Mun je gonakin shinkafar rani da ta fara nuna. Muna isa sai ga tsuntsayen jan baki sun taso daga cikin kacala, dubbai, kamar hayaƙi, su dunƙule su warware su kwanta gefe guda kamar an kaɗa zane. Jikina har rawa yake ina dannawa. Sai na ji ihu da ƙarar gwangwani ta ko'ina. Yara ne a kan rumfunan kara suna jan igiyoyin da aka ɗaura wa leda da gwangwani, wani dattijo yana gudu a kan kunya yana kaɗa riga. Garken ya sauka a wata gona can gefe na ɗan lokaci, da muka je zangarniya duk ta zama ƙaiƙayi.

Mai gonar ya dube ni da kyamara a wuya ya ce, "Malam, kai kana ganin kyau, mu muna ganin bashin taki." Ban sami abin cewa ba sai Allah ya mayar da alheri. Na daɗe ina tunanin ko in cire hoton garken daga kundin. Na yanke in bar shi, amma ba shi kaɗai ba. A gefensa zan sa na zangarniyar da aka cinye, da na wani yaro a kan rumfa, igiya a hannu, leɓensa ya bushe, wanda mahaifinsa ya yarda in ɗauka.

Talata, 13 ga Mayu

Na wanke hotuna 12 manya na liƙa a bangon aji ban rubuta sunan wuri ba, na ce su canka. Na raƙuma cikin hazo suka ce Agadas. Na Goronyo suka ce Legas. Yarinyar nan ta Dundaye ta daɗe a gaban na bado da balbelu, ta matsa har hancinta ya kusan taɓa takardar, sannan ta juyo. "Malam, wagga ai gadarmu ce. Ga itacen da muke jiran mota." Ajin ya ruɗe, kowa na neman nasu. Yara bakwai sun ce za su riƙa ɗauko wuraren ƙauyukansu da wayar gida. Na koya masu abu biyu kawai, su ba rana baya, su kuma yi sallama.

Asabar, 14 ga Yuni

Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Shamuwa ta riga shi isowa kamar yadda ta saba, daga kudancin Afirka inda take cin rani. A wani ƙauye kusa da Kware na ƙirga sheƙa tara a kan tsamiya ɗaya a tsakiyar gari, yara na wasa a ƙasa babu mai jifa. Wata tsohuwa da ke tsinkar zogale ta ce mani tun tana amarya suke sauka a wannan itaciyar. Na ɗauki ɗaya tana saukowa da kara a baki, farin cikinta da baƙin bayanta a kan hadarin gabas. Bayan ruwa iska a wanke take, ana hango tsaunin da wata shida ba a gan shi ba. Gawo kuma ya fara zubar da ganye.

Wurare 19 cikin 30 sun kammala. Uku na jiran tsaro, Taloka na jiran marece. Shafin gauraka da na ungulu suna nan da suna kawai. Sauran na damina ne, irin su Silame in gulbi ya cika, Tafkin Kalmalo wajen Illela in ya samu ruwa bana, da Kwalkwalawa ta Agusta, wadda za ta zama shafinta na uku.

Na biya ta wurin Baba masunci na kai masa hotonsa yana tura jirgi, na sa a gilashi. Ya riƙe shi da hannu biyu ya daɗe yana kallo, ya kira jikansa ya kai cikin gida. Ya ce in dawo in gero ya fara fitar da kai, lokacin kirinjijiya ke yawo da 'ya'ya cikin burugu, kuma in zo da takalmin roba don jirgi ba ya shiga wurin. Na saya a kasuwa a hanyar dawowa, da babbar leda ta rufe kyamara.